Tsakanin hoton MRI da wuƙar likita: abin da bincike ya gano kan aikin ƙashin baya

Na taɓa raka wani yayana ganin likita, yana rungume da ƙatuwar ambulan ta hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu take ɗauka. Kwana uku bai yi barcin kirki ba. Ciwon ƙugun da ya kai shi ɗaukar hoton ya ma ɗan lafa, rahoton da aka liƙa a jikin ambulan ɗin ne ya hana shi sukuni, domin an rubuta cewa faifai biyu na tsakanin ƙasusuwan bayansa sun kumburo, ɗaya kuma ya bushe. Likitan ya karɓi ambulan ya ajiye a gefe, bai buɗe ba. Ya ce, "Alhaji, nuna min da yatsa ɗaya inda ciwon yake farawa da inda yake tsayawa." Ya sa shi ya taka a kan dunduniya, ya dawo a kan yatsu. Ya kwantar da shi rigingine, ya kama diddigensa yana ɗaga ƙafar a miƙe a hankali, idonsa na kan fuskarsa. Ya danne babbar yatsar ƙafar ya ce ya ture hannunsa. Ya shafa auduga a ƙwauri da bayan ƙafa yana tambaya ko jin ɗaya ne da ɗaya ɓangaren. Ya tambaye shi fitsari da bayan gida, da zazzaɓi, da rama. Sai bayan duk wannan ya zaro hoton ya ɗaga shi ga haske, ya duba, ya ce, "Alhaji, da za a ɗauki nawa bayan, ƙila irin wannan za a gani."

Maganar likitan ba lallashi ba ce. Akwai bincike na shekaru masu yawa a bayanta, kuma wanda ya fahimci wannan binciken zai gane dalilin da ya sa likitan kirki yake ƙin yi wa wani aiki ko da ya zo da kuɗinsa, ya kuma matsa wa wani lamba a shiga da shi ɗakin tiyata a daren da ya iso.

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa 33 ne a jere: bakwai a wuya, 12 a daidai ƙirji, biyar a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin waɗanda suke motsi akwai faifan guringuntsi guda 23, kowanne da tauri a gefe da laushi a tsakiya, su ne suke shanye nauyi idan mutum ya yi tsalle ko ya ɗauki buhu. Ta bayan faifan nan akwai kwararo da laka take bi. Lakar tana ƙarewa a daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a tattare kamar jelar doki, suna fita bibbiyu zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura. Idan gefen faifai ya tsage, laushin cikin ya ɓullo ya danne ɗaya daga cikin jijiyoyin nan, sai mutum ya ji ciwo yana tsarga masa daga ɗuwawu zuwa ƙwauri har yatsu, kamar an ja masa wayar lantarki. Mafi yawan irin wannan zamewar a faifai biyu na can ƙasan ƙugu take faruwa.

A 1934 ne wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna a fili cewa wannan ɓullowar faifai ce take haddasa ciwon ƙafar, kuma cire ta yana warkarwa. Kafin su, idan an tarar da irin wannan gutsure a wajen aiki, ƙari ake ɗaukarsa. Ganowa ce mai girma, amma ta bar wa likitoci da marasa lafiya wata ɗabi'a ta ɗora wa faifai laifin kowane ciwon baya. Da na'urar MRI ta yaɗu a shekarun 1980, ta fara nuna faifan nan dalla-dalla ba tare da an yanka kowa ba, sai ɗabi'ar ta samu abin riƙewa.

Daga nan wasu masu bincike suka yi wata tambaya mai sauƙi: idan aka ɗauki hoton mutanen da ba su da ciwon komai fa, me za a gani? A 1990 Scott Boden da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 67 da ba su taɓa fama da ciwon baya ko na ƙafa ba. Cikin 'yan ƙasa da shekara 60, ɗaya cikin biyar yana da faifan da ya zame. Cikin waɗanda suka kai 60, adadin ya haura ɗaya cikin uku. A 1994 wani bincike a Kalifoniya ya duba mutum 98 masu lafiya, ya tarar kashi 52 cikin 100 suna da faifai aƙalla ɗaya da ya kumburo, kuma kashi 36 ne kawai duk faifansu suke lafiya lau. A 2015 aka tattara bincike 33 da suka ƙunshi mutum 3,110 marasa ciwo, aka ga alamun tsufan faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Wato bushewar faifai a hoto kamar furfura take a ka. Tana nuna shekaru, ba lallai ta nuna cuta ba.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne abin da aka gani a ƙasar Holan a 2013. An sake ɗaukar hoton mutanen da aka yi wa jinyar ciwon jijiyar ƙafa bayan shekara ɗaya. Cikin waɗanda suka warke, kashi 35 har yanzu zamewar faifan tana nan a hoto. Cikin waɗanda ba su warke ba, kashi 33. Da za a ba likita hotunan nan ba suna, ba zai iya ware mai dariya daga mai kuka ba. Shi ya sa likitan yayana ya fara da ƙafa kafin ambulan. Hoto yana amfani ne idan ya yi daidai da labarin mara lafiya da abin da hannun likita ya gano: ciwo a ƙafar hagu, yana bin layin jijiya kaza, babbar yatsa ta yi rauni, sannan hoto ya nuna faifai a ɓangaren hagu yana danne wannan jijiyar. Idan ukun nan suka haɗu, an kama ɓarawon. Idan ba su haɗu ba, ana iya cire faifan da ba ruwansa, mutum ya tashi da ciwonsa da tabon wuƙa.

To idan sun haɗu fa, dole ne a yi aiki? Nan ne binciken ya fi wuya, kuma yana da kyau mai karatu ya san dalili. Hanyar da ta fi inganci wajen gwada magani ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta ƙuri'a, ba da zaɓin likita ko nasu ba, a ba wasu a hana wasu, a ga yadda za a ƙare. Da ƙwayar magani wannan ba wuya. Da tiyata kuwa, mutum ba ya mantawa an yanka shi, kuma ba mai iya ɗaure shi a kan abin da ƙuri'a ta ba shi. Babban gwajin da aka yi a Amurka mai suna SPORT, ƙarƙashin jagorancin James Weinstein, ya gamu da wannan matsala. A rahotonsa na 2006, mutum 501 aka raba a cibiyoyi 13. Cikin wata uku, rabin waɗanda ƙuri'a ta ce a yi musu aiki ne kawai aka yi wa, saura sun samu sauƙi, ko sun fasa, ko sun jinkirta. A ɗaya ɓangaren kuma, kashi 30 na waɗanda aka ce su tsaya ga magani da motsa jiki sun kasa haƙuri, sun nemi wuƙa. Da aka kwatanta gidajen biyu yadda ƙuri'a ta raba su, bambancin kaɗan ne. Da aka kwatanta bisa abin da aka yi wa kowa a zahiri, masu aiki suka yi fice. Har yau kowane ɓangare na likitoci yana ɗaukar lissafin da ya yi masa daɗi.

Gwajin da Wilco Peul ya jagoranta a Holan a 2007 ya fi fito da hoton sarari. Mutum 283 ne da suka yi mako shida zuwa 12 da ciwon jijiyar ƙafa mai tsanani. Wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka ce su jira, idan abin ya gagara a yi. Masu aiki da wuri sun rabu da ciwon ƙafa da sauri. Amma da shekara ta zagayo, kashi 95 na kowane gida sun warke, kuma cikin masu jira kashi 39 ne kawai suka ƙare a ɗakin tiyata. Tun 1983 Henrik Weber ya ga kusan haka a Nowe: aiki ya fi a shekarar farko, a ta huɗu tazarar ta kusa rufewa. Dalilin shi ne jiki yana ɗaukar gutsuren da ya ɓullo a matsayin baƙo, ya aika ƙwayoyin da suke cinye shi a hankali. Kusan biyu cikin uku na faifan da suka zame suna raguwa da kansu, kuma abin mamaki, gutsuren da ya fi girma ya rabu da uwarsa gaba ɗaya shi ya fi saurin narkewa.

Ni a fahimtata, abin da tiyata take sayarwa a nan lokaci ne. Ba ƙaramin abu ba ne kuwa. Ga direban babbar mota ko tela ko manomin da damina ta kawo kai, wata uku a kwance asara ce da za ta taɓa tukunyar gida, kuma yana da haƙƙin ya zaɓi aiki. Sai dai a gaya masa gaskiya, cewa yana sayen sauri ne, ba wai ƙafarsa za ta shanye idan ya jira ba. Haka kuma jira yana da iyaka. A 2020 wani gwaji a Kanada ya ɗauki mutum 128 da ciwonsu ya yi wata huɗu zuwa 12 bai saki ba, a nan aiki ya yi wa jinyar da ba wuƙa fintinkau bayan wata shida. Wanda ya shekara yana jan ƙafa, ya yi ƙaho ya yi sakiya ya sha allurai, bai kamata a ci gaba da ce masa ya ƙara haƙuri ba.

Tsofaffi matsalarsu daban ce. Da shekaru, gaɓoɓi da jijiyoyin ɗauri na bayan ƙashi suna kauri, kwararon ya tsuke. Za ka ga dattijo ya taso zuwa masallaci, kafin ya kai ƙafafunsa sun yi nauyi sun sage, sai ya nemi dakali ya zauna minti biyu, ya tashi kamar ba shi ba. A ruku'u yana jin daɗi, tsayuwar ce take gallabarsa. Wani ma yana iya tuƙa keke zuwa kasuwa amma ba ya iya takawa zuwa bakin layi, saboda sunkuyawa tana buɗe kwararon, miƙewa tana matse shi. Aikin da ake yi shi ne a sassaƙe ƙashi da naman da suka matse jijiyoyin, kuma ga waɗanda tafiya ta gagara yana taimakawa sosai. Taƙaddamar tana kan ƙari: shin a haɗa da ɗaure ƙasusuwan da ƙusoshi da sandunan ƙarfe don su manne?

A 2016 gwaji biyu suka fito a fitowa ɗaya ta mujalla ɗaya suna saɓa wa juna. Na Suwidin, mai mutum 247, ya ce ƙarin ƙarfe bai ƙara komai ba a shekara biyu ko biyar, sai zubar jini da kuɗi da kwanakin asibiti, kusan bakwai maimakon huɗu. Na Amurka, mai mutum 66 da ƙashinsu ɗaya ya ɗan goce kan ɗan'uwansa, ya ga ɗan fifiko ga ƙarfe, da ƙarancin komawa aiki na biyu. A 2021 Nowe ta kawo nata mai mutum 267, duk masu irin wannan gocewar, ta tarar sassaƙa kaɗai ba ta gaza ba. Nauyin hujja ya karkata ga cewa mafi yawan tsofaffin nan ba sa buƙatar ƙarfe. Ƙarfe yana da gurbinsa, inda ƙashi ya karye ko yake rawa ko ya karkace. Amma a inda iyali suke sayar da gona ko fili don biyan kuɗin ƙusoshin da ake shigowa da su daga waje, tambayar "Likita, me zai faru idan ba a sa ƙarfen ba?" ba rashin kunya ba ce.

Wani darasi ya zo a 2009, kan wata hanya da ta yi tashe ta ɗura siminti na musamman cikin ƙashin bayan da ya murƙushe saboda tsufa. Marasa lafiya suna yabonta, likitoci ma haka. Sai aka yi gwaji biyu, ɗaya a Ostireliya mai mutum 78, ɗaya mai mutum 131 da asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta, inda da yardar marasa lafiya aka yi wa rabinsu aikin kwaikwayo. An shiga da su ɗakin, an yi allurar kashe zafi, an buɗe simintin har suka ji warinsa, amma ba a ɗura ba. Duk gidajen biyu sun samu sauƙi kusan daidai. Shaidar "an yi min na ji daɗi" gaskiya ce daga bakin mai ita, amma ba ta isa ta tabbatar da cewa aikin ne ya kawo sauƙin ba.

Duk wannan magana ta jira tana da haɗari guda, kada wani ya ɗauke ta ya kai inda ba ta da hurumi. A wajenmu tsoron aikin baya ya riga ya yi yawa, za ka ji ana cewa duk wanda aka taɓa wa laka ba ya sake takawa, sai a riƙe mara lafiya a gida har lokacin ceto ya wuce. Akwai alamun da ba a kwana da su. Idan mai ciwon ƙugu ya ji matse-matsinsa da dubura sun mutu, yana tsarki ba ya jin ruwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba bai sani ba, to jelar jijiyoyin nan gaba ɗaya aka danne, kuma ana lissafi da awanni ne. Haka idan ƙafa tana ƙara rauni kullum, silifa yana zamewa, yatsu suna jan ƙasa. Haka idan hannu ya fara kasa ɓalle maɓalli ko riƙe carbi, tafiya ta koma tangaɗi, wannan lakar wuya ce ake matsewa, kuma abin da ta rasa ba kasafai yake dawowa duka ba.

Ga wanda ya yi hatsari ma haka ne. Binciken da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta a 2012 ya bi mutum 313 da lakar wuyansu ta samu rauni. Cikin waɗanda aka sassauta wa lakar kafin awa 24, kusan kashi 20 sun samu babban ci gaba bayan wata shida. Cikin waɗanda aka makara, ba su kai kashi 9 ba. Ba a raba su ta ƙuri'a ba, amma binciken da suka biyo baya sun ƙarfafa shi. Kafin ma a kai ga likita, yadda ake ɗaukar wanda ya faɗi daga babur yana yanke hukunci. Mutum huɗu su kama hannu da ƙafa, kai yana lilo, a naɗe shi a bayan a-daidaita-sahu, wannan yana iya ƙarasa lakar da hatsarin ya bari. A shimfiɗe shi a kan ƙofa ko katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa har asibiti. Mai ɗori yana da aikinsa a wurin mutane, amma wuya da gadon baya ba wurin ja da murɗawa ba ne.

Akwai cuta guda da ta sa ba za mu kwashi darasin Turai na "ciwon baya kawai ne" mu yafa ba tare da dubawa ba, ita ce tibin ƙashin baya. Likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta ta a 1779. Ƙwayar tarin fuka ce take bin jini ta sauka a ƙashi, kuma kusan rabin tibin da yake kama ƙashi a baya yake zama. Tana cin gaban ƙasusuwa biyu maƙwabta har su rufta, doro ya fito, mugunya ta taru ta danne laka. Mai ita ba lallai ya yi tari ba. Ciwo ne da ba ya lafawa da kwanciya, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da wando da yake sassautawa. Yaro kuma za ka ga ya daina sunkuyawa, idan zai ɗauki abu a ƙasa sai ya tsuguna yana dafa gwiwa, bayansa a sandare.

Tarihin maganinta ya bi ta Najeriya. A shekarun 1950, a asibitin koyarwa na Ibadan, likita Peter Konstam yana da marasa lafiya da yawa, gadaje kuma ba su wadata ba. Al'adar lokacin ita ce a kwantar da mutum watanni cikin filasta. Shi sai ya ba su maganin tibi ya bar su suna tafiya gida suna dawowa, ya kuma wallafa a 1958 da 1962 cewa akasarinsu sun warke. A daidai wannan zamanin, a 1956, likitoci Hodgson da Stock a Hong Kong suka fito da akasin haka: a shiga ta gaba, a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi gaba ɗaya, a dasa lafiyayye, sau da yawa daga haƙarƙarin mutumin. Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta ɗauki taƙaddamar ta kai ta gwaji a Koriya da Bulawayo, a ƙasar Zimbabwe ta yau, da Hong Kong da Afirka ta Kudu, daga baya da Madras a Indiya, aka bi marasa lafiya shekaru goma zuwa 15. Fiye da kashi 80 na waɗanda suka sha magani suna yawonsu sun warke, kwanciya da filasta ba su ƙara komai ba. Aikin Hong Kong ya sa ƙashi ya manne da wuri, doron kuma bai yi girma ba, amma wajen kashe cutar magani ne ya yi aikin. Daga nan likitan Indiya S. M. Tuli ya tsara hanyar tsakiya da ake bi har yau: magani ga kowa, wuƙa ga wanda ƙafafunsa suke shanyewa duk da magani, ko ƙashinsa ba ya iya ɗaukarsa, ko doronsa yana ƙaruwa, musamman yaro mai sauran girma.

A irin wannan hali hoton MRI yana biyan kuɗinsa, domin yana nuna mugunya da matsin laka makonni kafin hoton ƙashi na gama-gari ya nuna komai. Amma ko a nan hoto ba ya faɗin sunan ƙwayar. Cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono da mu'amala da dabbobi masu ɓari tana iya kama da tibi a baya, haka sankarar da ta taso daga wani wuri, kamar mama. Shi ya sa idan da hali ake zura allura a ɗebo ɗan nama ko mugunya a kai ɗakin gwaji, inda na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, take gano ƙwayar tibi cikin awanni, ta kuma nuna ko ta bijire wa rifampicin, babban maganin cutar. Maganin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati a Najeriya, kuma na ƙashin baya ya fi na huhu tsawo, ana kai wa wata tara zuwa 12. Ciwon yakan lafa tun a watannin farko, kuma a daidai nan ne mutane da dama suke ajiye ƙwayoyin, alhali ƙashin bai gama mannewa ba.